Masu dubiya sun yi wa Inna yawa a asibiti, na yi magana an ce na yi rashin kunya

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni ce nake jinyar mahaifiyata a asibiti nan Damagaram, an yi mata aiki a ciki kuma dama tana da ciwon suga. Tunda aka fito da ita daga ɗakin aiki mutane ba su tsaya ba, 'yan uwa daga Mirya da Matamai, maƙwabta, matan unguwa, wasu su zauna mata bakin gado, wata ma da yaronta ta zo yana ta tari. Shekaranjiya gwaggona yayar Baba ta ɗaga zanen Inna ta ɗan ɓare pansama, wato bandejin da aka rufe ciwon da shi, wai ta ga ɗinkin ta yi mata tofi, majo, wato babban ma'aikacin jinya na ɗakin, ya shigo ya gani ya yi min faɗa gaban mutane ya ce in ciwon ya ruɓe ni na ja. Jiya da ta dawo na miƙa mata buta da sabuni na ce ta wanke hannu tukuna, ta ce au ƙazama na ɗauke ta, ita da alwalarta, ta ɗauki kwanonta ta tafi. Yanzu Baba ya ce sai na je na ba ta haƙuri. Wallahi Anti tsoro nake ji kar wani abu ya samu Inna, kuma ba na son a ce ni na raba zumunci. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu da jinya, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne.

Bari in fara da abin da ya fi damunki: je ki ba Gwaggo haƙuri, yau ba gobe ba. Ki bi maganar Baba, ki je har gida ki durƙusa ki ce Gwaggo ki yafe min, na yi miki magana gaban mutane bai kamata ba. Amma ki kula da abin da kike ba haƙuri a kai, yadda maganar ta fito ne kawai, ita maganar kanta gaskiya ce kuma tana nan daram, kar ki kuskura ki ce mata ai ba sai ta wanke hannu ba don ki samu ta huce. Abin da kika yi daidai ne, majo ma da ya yi miki faɗa daidai ya faɗa duk da na so a ce ya ja ki gefe. Mace mai suga da aka yanka cikinta ba abin wasa ba ce, suga yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta kuma yana sa ciwo ya daɗe bai haɗe ba, to pansaman nan da kike gani ba ado ba ne, shi ne ya raba ɗinkin da duk abin da ke yawo a ɗakin, kuma wanda ya sa shi da hannu mai safa da kayan da aka tsabtace ya sa. Duk wanda ya ɓare shi da hannu haka nan, ko da uwa ce ta haife ka, ya buɗe hanya.

Kuma ba tsoron banza kike ji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu masu ƙaramin ƙarfi, cikin mutum 100 da aka yi wa aiki kusan 11 wurin aikin yana kamuwa da cuta, a Afirka kuwa matan da aka yi wa aikin ciro jariri har 20 cikin 100 suna iya samun haka. A rahotonta na 2022 ta ce cikin marasa lafiya 100 da ke kwance a asibiti a ƙasashenmu, 15 suna ɗaukar wata cutar dabam wadda ba da ita suka zo ba, kuma cikin waɗanda suka ɗauka kusan 1 cikin 10 ita ke zama ajalinsu. Ba duka daga masu dubiya take zuwa ba, a'a, akwai na kayan aiki da na ma'aikata da na iska, amma ɓangaren masu dubiya da mai jinya shi ne wanda yake hannunki, shi za ki iya gyarawa daga yau ba tare da kin kashe ko jika ɗaya cikakkiya ba.

Maganar alwala da Gwaggo ta kawo, kusan kowa ita yake kawowa, kuma da zuciya ɗaya suke faɗa. Alwala tsarki ce ta ibada, babu mai musu, amma ki lissafa abin da hannun ya taɓa tsakanin alwalar azahar da bakin gadon Inna. Ta kulle ƙofa, ta riƙe ƙarfen kabu-kabu, ta ciro kuɗi ta biya an ba ta canji, ta tsaya bakin asibiti ta sayi ayaba, ta gaisa da mutum nawa a hanya, ta amsa waya, ta gyara hanci da bakin mayafi, ta dafa bango wajen cire takalmi. Alwalarta ba ta karye ba amma hannun ya kwaso abin da ya kwaso, kuma ido ba ya ganinsa. Akwai wata ƙwayar cuta da kusan mutum 1 cikin 3 yake ɗauke da ita a cikin hancinsa lafiyarsa lau ba ta yi masa komai, amma in ta samu shiga ɗinki ita ce ke kawo ruwa da mugunya. Ke ma kina iya ɗauke da ita, ni ma haka, likitan ma haka, shi ya sa ba zancen ƙazanta ba ne sam. Ki gaya wa Gwaggo haka da bakinki, cewa ke ma kafin ki taɓa Inna sai kin wanke, har Baba in ya zo sai ya wanke.

Ba ita ce ta fara jin haushin wannan magana ba ma. A 1847 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya wani likita mai suna Semelwais ya lura matan da ke haihuwa a ɗakin da likitoci ke karɓar haihuwa sun fi mutuwa da zazzaɓi, ya sa dokar kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa mace, cikin 'yan watanni mutuwar ta sauko daga wajen 18 cikin 100 zuwa wajen 2, amma duk da haka manyan likitoci da yawa suka ƙi yarda, suka ji zafin a ce hannunsu ne ke kai cuta. In masu ilimin abin sun ji haushi, kar ki ga laifin tsohuwar da ta baro gidanta cikin rana da kwanon kunu saboda ƙaunar matar ƙaninta.

Yanzu ga dabarar da nake so ki yi, kuma ita ce ta fi komai a wannan amsar. Ke yarinya ce a cikin dangi, duk dokar da ta fito daga bakinki rashin kunya za a kira ta ko da kin sa mata zuma. To ki cire dokar daga bakinki ki sa ta a bakin manya. In kin gama ba Gwaggo haƙuri ta sauko, ki ce mata Gwaggo ni fa mutanen nan sun fi ƙarfina, majo ya ce in aka ci gaba da cika ɗakin ana taɓa Inna ciwon zai iya ruɓewa a sake mayar da ita ɗakin aiki, ni ba mai jin maganata, ke ce babba, dan Allah ki taimake ni ki riƙa zama bakin ƙofa lokacin dubiya kina tsare mana. Wallahi ki gwada, irin su Gwaggo in aka ba su girmansu aka ɗora musu aiki sun fi gardin asibiti tsanani, ita za ki ji tana cewa ke wance ina za ki da yaron nan, koma da shi waje. Kuma ba ƙarya kika yi ba, majo ya faɗa. Shi ma Baba ki same shi shi kaɗai ba gaban mutane ba ki yi masa bayanin abin da majo ya ce, ki roƙe shi ya yi vokal ɗaya ya tura a gurup ɗin dangi na WhatsApp, ya gode wa kowa, ya ce likita ya taƙaita shiga, mutum biyu-biyu, a gaisa a yi addu'a a fito, kar a zo da yara, wanda ba ya jin daɗin jikinsa ya kira a waya ya wadatar. Maganar mai gida ce, babu wanda zai ce ya yi rashin kunya. In kina da kawu ko wani malami da dangi ke jin maganarsa, shi ma a sa shi.

Za a ce miki zumunci a ƙafa yake, kuma gaskiya ne, dubiya haƙƙi ce, tana cikin haƙƙoƙin musulmi a kan ɗan'uwansa tare da amsa sallama da rakiyar jana'iza, ni ba zan taɓa ce miki ki rufe ƙofa ba, mara lafiyar da ba a leƙo shi ba zuciyarsa karyewa take yi, Inna ma tana jin daɗin ganin mutanenta. Amma addinin da ya ce a je dubiya shi ya zo da hadisin da ya hana a kai raƙuma marasa lafiya cikin masu lafiya, kuma ya tabbata cewa da tawagar Saƙif ta zo da wani mai kuturta a cikinta, Annabi sallallahu alaihi wa sallam aika masa ya yi cewa an karɓi mubaya'arsa ya koma. Malamai kuma sun daɗe suna cewa daga ladabin dubiya kar a daɗe a zaune a gajiyar da mara lafiya. Mu ne muka mayar da ita zaman hira, a shimfiɗa tabarma a buɗe kwano a yi labarin bikin wance har la'asar, mai jiki tana so ta yi fitsari ko ta juya kunya ta hana ta.

Tofin kuwa, kar ki yi faɗa da shi, ki canza masa wuri kawai. Addu'a ba ta buƙatar a buɗe ciwo kafin ta isa. Gwaggo ta wanke hannu ta dafa kan Inna ko kafaɗarta ta karanta duk abin da take so ta karanta, amma iskar baki da yawu kar su je kusa da ɗinki ko wurin allurar serom, baki cike yake da ƙwayoyin cuta ko na waye. Haka in an kawo rubutu ko jiƙo ko wani garin magani a ce a shafa ko a sha, ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya ki ajiye, komai kar ya taɓa ciwon, kuma kar Inna ta sha komai sai kin tambayi likita, wanda aka yi wa aiki a ciki akwai abin da aka yarda ya ci akwai wanda ba a yarda ba tukuna, balle ga suga, kunun da aka zuba wa sukari da fura da lemun kwalba da ake ta kawowa duk ba nata ba ne, ki ba masu jinyar da ke kusa da ku waɗanda ba su da mai kawo musu.

To sai wankin hannun kansa, don yawanci abin da muke yi jiƙa yatsu ne. Ki ajiye buta cike da ruwa da sabuni da roba ta tarar ruwa a bakin ƙofa ko ƙarshen gado inda kowa zai gani, kin san halin ruwa a garin nan, kar ki dogara da pompo, ki sa a riƙa kawo miki bidon daga gida kullum. Zuba wa mutum ake yi ruwan ya gangara cikin roba, ba a tsoma hannu cikin kwano ɗaya bi da bi irin na wajen cin tuwo, wannan raba dauɗa ne kawai. A jiƙa hannu a sa sabuni ya yi kumfa, a cuɗa tafi da tafi, bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa da kullum ake mantawa da shi, kan yatsu da ƙarƙashin farce, har wuyan hannu, gaba ɗaya abin ya ɗauki kamar daƙiƙa 40 zuwa 60, a ɗauraye. Kar ki rataye tawul ɗaya kowa ya goge, kar kuma a goge da bakin zane, a yarfe a bar iska ta busar, da zafin Damagaram kafin a ƙarasa gaisuwa ya bushe. Sabunin ki ɗora shi kan abin da ruwa ke tsiyayewa kar ya kwana cikin ruwa. In kina da hali ki sayi jel ɗin goge hannu a farmasi irin wanda muka sha amfani da shi lokacin korona, shi daƙiƙa 20 zuwa 30 ake murzawa har ya bushe, yana da sauƙi ga baƙi don ba ya kama da an ce musu ku wanke dauɗarku, kina matsa musu a tafi kina ya hanya ya gida. Sai dai in hannu ya yi dauɗar da ake gani, ko an fito daga bayi, ko an taɓa amai ko zawo, to nan sai ruwa da sabuni. Kuma a wanke wajen shiga a wanke wajen fita, na fitar saboda gidajensu ne, kar su kwashi abin asibiti su kai wa jikokinsu.

Ke kanki ɗiyata ke ce kika fi kowa taɓa ta, Gwaggo minti nawa take yi, ke kuwa dare da rana. Ki yanke farce, ki cire zobe da awarwaro har a sallame ku, lalle ba komai. Ki wanke kafin ki ba ta abinci ko magani, bayan kin zubar da fo ko robar fitsari, bayan kin fito bayi, bayan kin taimaki wata a gadon kusa. Wayarki ma ki riƙa gogewa, tana hannunki a bayi tana hannunki a bakin gado, sannan a miƙa wa Inna a kunne ta gaisa da mutanen Matamai. Jakar fitsarin in an sa mata kar ta kwanta a ƙasa kuma kar a ɗaga ta sama da mararta, fitsarin komawa yake yi ya kai cuta ciki. Wurin allurar serom kar kowa ya taɓa, kar a murza abin don ruwan ya yi sauri, in ya tsaya ko hannun ya kumbura ki kira ma'aikaci. In kuma kin ga wanda zai wanke ciwon ya taso daga wani gado bai canza safa ko bai goge hannu ba, kina da damar ki yi magana cikin ladabi, ki ce dokta ga jel nan in za ka yi amfani da shi, mafi yawansu ba za su ji haushi ba, aiki ne ya yi musu yawa.

Gado na mai jiki ne ita kaɗai. Ba a zama a kai, ba a ɗora jaka ko leda ko kwano ko jariri, jakar nan ƙasan adaidaita ko ƙasan bayi aka ajiye ta ɗazu. Ki samu ɗan benci ko kujera ki sa daga gefe, mutum in ya ga wurin zama ba zai nufi gado ba.

Akwai wata al'ada tamu mai kyau da nake so a riƙe amma a gyara, wato in mun je dubiya sai mun zagaye ɗakin kaf muna sannu, ya jiki, Allah ya ba da lafiya, har wanda ba mu sani ba. Abu ne mai daɗi, akwai wadda aka kawo daga ƙauye ba ta da kowa, sannun nan ita ce dubiyarta. To a yi da baki daga tsaye, ba sai an bi gado-gado ana miƙa hannu ana dafa goshi ba, don hannun da ya taɓa gado shida ya dawo kan Inna ya ɗebo na mutum shida, ba ki san me ya kwantar da kowa ba. Haka aron cokali da moɗa da buta da fo tsakanin masu jinya, na san zaman asibiti sai da taimakon juna, amma Inna ta samu kofinta da cokalinta da kwanonta nata ita kaɗai, abin da kika ara ko kika ba da aro a wanke da sabuni kafin ya dawo, fo kuma a sa masa ruwan jabel, wato bilicin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta. Jabel ɗin a surka shi da ruwa, kar a haɗa shi da wani maganin wanki, kuma ki ɓoye shi inda yaro ba zai kai ba, kar ki zuba shi a robar ruwan sha.

Zancen yara kuwa a nan ba na sassautawa ko kaɗan. Asibiti ba wurin yaro mai lafiya ba ne, yana rarrafe a ƙasa yana taɓa ƙafar gado yana sa hannu a baki, ya kawo ya kuma ɗauka. Yaron da aka zo da shi yana tari, wa ya san me ke gare shi? Ƙyanda tana fara yaɗuwa kwana 4 kafin ƙurajen su fito, lokacin uwa tana ganin mura ce kawai, kuma ƙwayar tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan yaron ya fita. Mu nan jihar Damagaram ba baƙin irin waɗannan ba ne, daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an lissafa mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar nan, 18 suka rasu, a 2023 kuma mashaƙo ya ɓulla wajen Matamai, duka biyun ta numfashi da yawu da cunkoso suke bi. Saboda haka mai mura, mai tari, mai zazzaɓi, mai zawo ko amai, mai ƙuraje, mai jan ido, duk su zauna gida su kira a waya, ladan na nan in sha Allah. Mai tarin da ya wuce sati 2 ma ba dubiya ya kamata ya zo ba, awon tarin fuka ya kamata ya je. Mai ciki da mai goyon jariri da tsoho mai rauni su ma a ce su jira a dawo gida, don kansu. In dole wani mai mura sai ya shigo, misali Baba, ya sa babet ya rufe hanci da baki duka ba a saƙale a haɓa ba, ya tsaya nesa kaɗan, kar ya daɗe. Ke ma in mura ta kama ki ki sa, in da wadda za ta karɓe ki kwana biyu ta karɓe ki. A bar taga a buɗe iska na shiga in ba ƙura ake ba, kuma masu goro a roƙe su kar a tofar a ƙasa ko ta taga.

Abinci, a taƙaice: a kawo shi da zafinsa a rufe, a ci a lokacin, abin da ya wuce awa 2 a buɗe cikin zafin nan kar a ba mai jiki, kar a tara kwanuka ƙarƙashin gado ƙuda na bi. Masu son cin abinci tare su fita waje. Zannuwan Inna da suka ɓaci da jini ko wani abu ki sa su a leda dabam, a wanke su dabam da na gida a shanya a rana sosai.

Ranar da aka sallame ku kar ki ce an gama, don a gida ne dubiyar gaske za ta fara, duk wanda gardi ya hana shiga zai zo, kuma ciwon aiki yana iya kamuwa har cikin kwana 30 bayan an yi shi. Butar nan da sabunin su koma ƙofar ɗakin Inna, Gwaggo ta ci gaba da aikinta, zaman gaisuwa a yi shi a tsakar gida ko zaure ana shiga bibbiyu. Ki kai ta wankin ciwo ranar da aka ce ko da kin ga kamar ya warke, kar a bar wani mai allurar unguwa ya buɗe shi a gida, ta shanye maganin da ke kan ordonas yadda aka rubuta, a ci gaba da awon suga. Ki riƙa duba ta safe da yamma: in jikinta ya yi zafi ko tana rawar sanyi, in gefen ciwon ya kumbura ko ya yi ja ko zafi, in pansama ya jiƙe da ruwa ko mugunya ko kin ji wari, in zafin ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa, in ɗinkin ya fara buɗewa, ko ta rikice tana magana ba daidai ba, to a ranar za ku koma asibiti ko da dare ne, kar ki tsaya sayen kafso wurin masu tallar magani a tire, shan su barkatai shi ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Kuma tunda an riga an ɓare pansaman sau ɗaya, ki tabbatar wanda ke wanke ciwon ya san da haka don ya duba wurin da kyau a wanki na gaba.

Ki samu ki riƙa runtsawa ke ma kina cin abinci, ki nemi ƙanwarki ko wata cikin 'ya'yan Gwaggo ku riƙa karɓa-karɓa, ki koya mata wankin hannun da inda ba a taɓawa kafin ki bar mata ɗakin. Ki gaida min Inna da jiki, ki rubuto min yadda kuka yi da Gwaggo.